Gashi Ga Mai Ciwon Jijiyoyin Motsi: Jagora Ga Mara Lafiya Da Masu Jinyarsa

Yawancinmu mun san gashi, wato jinyar motsa gaɓoɓi ta asibiti, ta wajen masu shanyewar ɓarin jiki. Mutum ya faɗi, hannu da ƙafa sun saki, a kai shi sashen gashi, a yi ta fama wata da watanni har ya soma takawa. A can, wanda ya fi naci shi ya fi samun sauƙi. Da wannan tunanin dangi kan zo idan likita ya ce ɗan'uwansu yana da ciwon lalacewar jijiyoyin motsi, wanda nau'insa mafi yawa shi ne ALS, kuma wannan tunanin ne ya fi cutar da mara lafiyar. A wannan ciwon gashi ba ya dawo da ƙarfin da ya tafi. Aikinsa shi ne ya tsare abin da ya rage, ya hana gaɓoɓi ƙagewa, ya hana faɗuwa, ya taimaki numfashi, kuma ya sa iyali su riga ciwon shiri a kowane mataki.

Abin da ke faruwa a jiki shi ne, ƙwayoyin jijiyar da ke ɗauko umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa zuwa laka, da waɗanda ke kai shi daga laka zuwa tsoka, suna mutuwa sannu a hankali. Tsokar da umarni ya daina isa gare ta sai ta rame, ta riƙa rawa a ƙarƙashin fata, ko ta sandare. Wani a hannu yake fara gani, ya kasa murɗa makulli ko ɓalle maɓallin riga. Wani a ƙafa, yatsu su riƙa jan ƙasa. Wani kuma a harshe, magana ta yi nauyi, ruwa ya riƙa ƙware shi. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ciwon tun wajen 1869, kuma har yau ba a samu maganin da ke warkar da shi ba. Maganin Riluzole, wanda aka amince da shi a Amurka a 1995, yana tsawaita rayuwa da 'yan watanni ne kawai. Akasari mutane kan rayu shekara 2 zuwa 5 bayan alamu sun bayyana, kusan ɗaya cikin goma kuma kan kai shekara 10 ko fiye. Masanin kimiyya Stephen Hawking ya rayu da shi daga 1963 har 2018, amma irinsa ba su da yawa.

Abu guda da nake so kowa a gidan ya riƙe: yawanci ji ba ya tafiya. Mara lafiyar yana jin zafi, yana jin ƙaiƙayi, yana jin ƙuda ya sauka a fuskarsa ko da ba ya iya kore shi. Gani da ji na kunne suna nan, kuma a wajen mafi yawa hankali ma yana nan, kodayake wasu kan samu canjin hali ko na tunani. Saboda haka a daina magana a kansa kamar ba ya wurin.

Mataki na farko: a tabbatar da ciwon, a samu likitan gashi na gaskiya

Kada a fara komai sai likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya duba. Akwai cututtukan da ke kama da wannan amma suna da magani, kamar matsewar laka a ƙashin wuya, shi ya sa ake yin hoton MRI da gwajin allurar tsoka da ake kira EMG. Manyan asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri suna da sassan gashi. Asibitin Ƙashi na Dala kuma yana da sashen da ke ƙera takalman gyara da abin riƙe gaɓoɓi. A Nijeriya likitan gashi na gaskiya yana da rajista da hukumar da ke kula da masu wannan aiki, wato MRTB, kuma ba laifi ba ne ku tambaya.

A zuwan farko zai auna ƙarfin kowace tsoka daga 0 zuwa 5. Ku tambayi wannan lambar ku rubuta, domin ita za ta raba muku aiki. Tsokar da ke 3 ko sama, wato tana iya ɗaga gaɓar da kanta, za ta iya ɗan atisaye. Wadda ta faɗi ƙasa da 3 ba a tilasta mata, taimaka mata ake yi. Ku sayi littafi ɗaya na jinya, a riƙa rubuta nauyin jiki, da duk faɗuwa, da duk ƙwarewa, da yadda barci yake. A riƙa komawa a sake awo kamar duk wata 2 zuwa 3, ko da wuri idan wani abu ya canza, tunda shirin da ya dace a watan Janairu ba lallai ya dace a Afrilu ba.

Mataki na biyu: kasafin ƙarfi

Ƙarfin mai wannan ciwon kamar kuɗin cefane ne da aka ba shi da safe, ba ƙari sai gobe. Idan ya ƙarar da shi wajen wanka a tsaye da sa kaya da kansa, ba abin da zai rage na zama da iyali ko zuwa masallaci. Don haka ku zauna da shi ku tambaye shi abin da ya fi so ya ci gaba da yi da kansa, sauran a sauƙaƙa. Wanka a zaune a kan kujerar roba. Riga mai faɗin wuya maimakon mai maɓalli, wando mai roba maimakon mai mazagi. Cokali a naɗe mariƙinsa da tsumma ko soso ya yi kauri. Buta a zuba ruwa rabi. Ayyuka masu nauyi a yi su da safe, a huta bayan azahar.

'Yan dubiya ma suna cikin kasafin. Dubiya lada ce, amma amsa gaisuwar mutum ashirin a jere tana gajiyar da mai nauyin harshe fiye da tafiya. Wani babba a gidan ya ɗauki nauyin cewa, “Ku yi haƙuri, Malam ya ɗan kwanta, za a gaya masa kun zo.”

Mataki na uku: motsa gaɓoɓi kullum

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi ne wanda ba a dainawa har ƙarshe. Gaɓar da ba a motsawa tana ƙagewa, ƙagaggiyar gaɓa kuma tana ciwo, tana wahalar da wanka da sa kaya da juyi a shimfiɗa. Yawancin raɗaɗin da masu wannan ciwon ke ji daga nan yake fitowa, kuma ana iya kauce wa kaso mai yawa nasa.

Sau ɗaya ko biyu a rana ya isa, kamar minti 15 zuwa 20. Bayan wanka da ruwan ɗumi ya fi, lokacin jiki ya saki. Idan yana iya yi da kansa, ya yi. Idan ya kai rabi ya tsaya, a ƙarasa masa. Idan ba ya iyawa sam, a yi masa gaba ɗaya. Kowane motsi sau 5 zuwa 10, a hankali, ba fizga.

Ga yadda ake kafaɗa, don ita ce ta fi saurin lalacewa. Ya kwanta rigingine, kansa a ɗage kan matashi. Ke mai jinya, ki tsaya a gefen hannun da za a motsa, hannunki ɗaya ya tallafe gwiwar hannunsa, ɗayan ya riƙe wuyan hannun. Ki ce masa, “Baba, zan ɗaga yanzu, in ka ji zafi ka yi mini alama.” Ki ɗaga hannun ta gaba zuwa sama, babban yatsa yana kallon sama, idonki a kan fuskarsa ba a kan hannun ba. Inda kika ji ya ɗan ja, ko kika ga ya yamutsa fuska, nan ne iyaka. Ki dawo da shi a hankali. Sannan ki buɗe shi ta gefe, kuma idan ya kai daidai kafaɗa ki juya tafin hannun ya kalli sama kafin ki ci gaba, domin in ba haka ba ƙashi zai matse naman da ke cikin gaɓar. Daga nan sai gwiwar hannu, a lanƙwasa a miƙe. Wuyan hannu, gaba da baya. Yatsu ɗaya bayan ɗaya, a buɗe su sosai, musamman tsakanin babban yatsa da manuni inda rama kan fara bayyana.

A ƙafa, a tallafi ƙarƙashin gwiwa da diddige, a kai gwiwar wajen ƙirji a dawo da ita, a buɗe ƙafar ta gefe a rufe. Sai idon sawu, wanda bai kamata a taɓa tsallake shi ba. Ki sa diddigensa cikin tafin hannunki, tafin ƙafarsa ya jingina da damtsenki, ki karkata jikinki wajen kansa har agara ta ɗan ja, gwiwa a miƙe. Ki riƙe daƙiƙa 30, ki saki, ki maimaita sau 2 ko 3. Idan agara ta gajarce, tafin ƙafa ba zai zauna daidai a ƙasa ba, kuma daga ranar tsayuwa ta gagara ko da akwai sauran ƙarfi a cinya.

Tausa mai laushi da man kaɗanya ko man zaitun tana rage ɗaurewar tsoka, tana kuma kwantar da hankali. Amma ja da murɗa irin na masu ɗori ba na wannan jikin ba ne, haka tsaga da sakiya. Tsokar da ke riƙe gaɓa ta riga ta yi rauni, ja ɗaya na iya goce kafaɗa. Ku yi hattara kuma da masu karɓar kuɗi da alƙawarin farfaɗo da tsoka da na'urar lantarki. Babu hujjar cewa tana dawo da jijiyar da ta mutu, kuma kuɗin nan za ku neme shi gaba wajen keken marasa lafiya da na'urar numfashi. Idan sandarewa ko ɗaurewar tsoka ta yi yawa, likita na iya ba da magani irin baclofen, amma shi zai daidaita yawansa, domin wani lokacin wannan sandarewar ce ke taimaka wa ƙafa ta ɗauki jiki, in aka sake ta gaba ɗaya sai mutum ya zube.

Mataki na huɗu: atisaye, amma da linzami

A da likitoci kan hana atisaye kwata-kwata. Yanzu an sassauto. Wani ƙaramin bincike da aka buga a 2007 a kan mutum 27 ya nuna waɗanda suka haɗa miƙa jiki da atisaye matsakaici sun fi riƙe ayyukansu na yau da kullum bayan wata 6, kuma bai cutar da su ba. Binciken ƙarami ne, don haka a ɗauke shi a matsayin izini, ba umarnin a dage ba.

Atisayen na farkon ciwo ne, kuma na tsokar da ke 3 ko sama. Tafiya a shimfiɗaɗɗen fili, ko keken motsa jiki na tsaye ba tare da an ɗaure shi da nauyi ba, minti 10 zuwa 15, kwana 2 ko 3 a mako, da hutun kwana a tsakani. Gara minti biyar sau uku da minti goma sha biyar a jere. Ma'aunin shi ne ya iya magana yana cikin yi. Idan gajiya ta wuce rabin awa bayan an gama, ko ya tashi washegari ya fi jiya rauni, ko rawar tsoka da ɗaurewa suka ƙaru, to an wuce gona da iri, a rage. Ba a ɗaga ƙarfe mai nauyi, ba a hawa da saukar bene da sunan motsa jiki, ba a yi a zafin rana, balle a watannin Maris da Afrilu.

A nan ne 'ya'ya maza suka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. “Daure Baba, saura biyar.” Kada a ce masa ya daure. Jijiyoyin da suka rage sun riga sun ɗauki aikin waɗanda suka mutu a kan nasu.

Mataki na biyar: gyara gida tun yana tafiya da ƙafarsa

Faɗuwa a wannan ciwon ta fi ta kowa haɗari, domin hannun da zai kare fuska ba ya tashi da sauri. Ku zagaya gidan da idon mai jan ƙafa. Bakin tabarma da ya naɗe, dardumar da ke zamewa a kan tayil, wayar caji a ƙasa, dokin ƙofa, kwatar tsakar gida, duhun hanyar banɗaki idan an ɗauke wuta. A ajiye fitilar caji kusa da shimfiɗa. Silifas da takalmin soso su tafi, a koma takalmi mai rufi ko sandal mai igiya a diddige. Zani da doguwar riga su tsaya sama da idon sawu.

Kwanciya a katifa a ƙasa takan zama matsala da wuri, don tashi daga ƙasa yana cin ƙarfi fiye da komai. A samu gado wanda idan ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa zai taka ƙasa, ƙugu kuma ya ɗan fi gwiwa tsayi. Kujera mai hannuwa kuma mai tauri ta fi kushin mai nutsewa. Banɗakin tsugunno a ɗora masa kujerar ba-haya. Ana sayar da ita a shagunan kayan asibiti, mai walda ma zai iya ƙera ta, a kuma kafa ƙarfen riƙewa a bango. Inda akwai matakala a zuba gangaren siminti, kuma kada ya yi tsaye: duk tsayin inci ɗaya a ba shi tsawon ƙafa ɗaya. A auna faɗin ƙofar ɗaki da ta banɗaki tun yanzu, a ga ko keke zai shige.

Mataki na shida: kayan taimako, kafin a buƙace su

Mutane kan ƙi sanda ko keke don gudun a ce sun sallama. Na fahimci wannan, amma mutumin da ya karɓi keke da wuri shi ke ci gaba da zuwa ɗaurin aure da Juma'a, wanda ya ƙi kuma yakan ƙare a ɗaki.

Idan yatsun ƙafa na jan ƙasa, akwai takalmin roba mara nauyi da ake sawa cikin takalmi ya riƙe idon sawu, likitoci na kiran shi AFO. Sanda tana amfani muddin hannu na iya damƙa. Daga nan sai ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, kuma mai taya ya fi, don ɗaga shi a kowane taku gajiya ce. Idan wuya ya fara kasa riƙe kai, a samu abin wuya da likitan gashi ya auna, a riƙa sawa lokacin tafiya a mota ko zama mai tsawo, ba yini guda ba, kuma a cire lokacin cin abinci idan yana takura haɗiya. Da dare ana iya ɗaura wa hannu abin da zai riƙe yatsu a buɗe. Hannun da ya saki kada a bar shi yana reto, a ɗora shi kan matashi ko hannun kujera, in ba haka ba nauyinsa zai janyo kafaɗa ƙasa.

Batun keke yana buƙatar tunani. Keken nan mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu shan inna ke amfani da shi, bai dace ba, domin hannu ma zai yi rauni. Ku nemi wanda bayansa ke da tsawo, mai wurin jingina kai, wanda ake iya kwantar da shi baya, da matashin zama mai kyau. Ku saya don yadda jikin zai kasance nan da wata shida, ba yadda yake yau ba.

Mataki na bakwai: tayarwa, juyawa, kwantarwa

Doka ɗaya ba ta da togiya: ba a jan shi ta hannu, ba a ɗaga shi ta hammata. A ɗaura masa majanyi mai kauri ko zani da aka ninke a ƙugu, nan ne wurin riƙo. Don tashi daga gado, ya juya ta gefe, a sauko da ƙafafu, a tallafi kafaɗa da ƙugu a zaunar da shi. Ya ɗan zauna jiri ya wuce. A ajiye keken a jikin gado ta ɓangaren da ya fi ƙarfi, a ja birki. Mai tayarwa ya tsaya a gabansa, gwiwoyinsa sun tokare na mara lafiyar, ya lanƙwasa gwiwa ba baya ba, ya riƙe majanyin ta gefe biyu. A ƙirga tare, ɗaya, biyu, uku, ya karkato gaba a miƙe, a juya da ƙananan taku, a zaunar a hankali. Ranar da ƙafa ta daina ɗaukar nauyi, aikin ya zama na mutum biyu, ko a yi amfani da allon zamewa, wanda ake gittawa tsakanin gado da keke a zame shi a kai. Kada mace ɗaya ta riƙa ɗaga namiji ita kaɗai don kunyar neman taimako. In bayanta ya tafi, marasa lafiya sun zama biyu. A raba kwana tsakanin 'yan'uwa, a rubuta, kowa ya san ranarsa.

Idan ya faɗi, kada a yi rige-rigen ɗaga shi. A duba kai, da wuya, da ƙugu. In ba rauni, a kawo kujera, a taimaka masa ya durƙusa ya dafa ta, ko mutum biyu su ɗaga shi da bargo.

Wanda ba ya iya juyawa da kansa a riƙa juya shi kamar duk awa 2, da matashi tsakanin gwiwoyi, wani a bayansa, wani a ƙarƙashin hannun sama. Diddige kada ya danne katifa. A duba fatar ƙugu da gindin baya da diddige kullum, jan da bai ɓace ba bayan an ɗauke nauyi shi ne farkon gyambo. Ƙafa takan kumbura saboda rashin motsi, a riƙa ɗaga ta. Amma idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura, da zafi da ciwo a sha-raɓa, kada a yi tausa, a tafi asibiti, yana iya zama jini ne ya daskare.

Ga mai salla, addini ya riga ya yi sauƙi. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ce a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Sauka sujada da tasowa na daga cikin wuraren da aka fi faɗuwa, don haka a koma kujera da wuri. Azumi kuma a tattauna da likita da malami, domin rama tana gaggauta wannan ciwon.

Mataki na takwas: numfashi da tari

A nan ne rai yake. Tantanin numfashi, wanda ke tsakanin ƙirji da ciki, da tsokokin haƙarƙari ma tsoka ne, suna raunana kamar sauran, kuma gazawar numfashi ce ke ɗauke mafi yawan masu ciwon. Alamun farko da dare suke zuwa: ciwon kai da asuba, gyangyaɗi da rana, yawan farkawa, kasa kwanciya rigingine, murya ta yi ƙasa, tari ya zama ba ƙarfi. Ku nemi a riƙa auna ƙarfin huhu a kowane zuwa asibiti. A ɗaga kan gado kamar digiri 30 ko fiye, da katako a ƙarƙashin katifa ko matashi mai gangare, yadda ƙirji gaba ɗaya zai ɗagu ba wuya kaɗai ba.

Idan awon ya sauka wajen kashi 50 cikin ɗari, ko alamun nan suka bayyana tun kafin haka, likita kan ba da shawarar na'urar BiPAP mai tura iska ta abin rufe hanci. Binciken da aka yi a Newcastle ta Ingila, aka buga a 2006, ya nuna ta ƙara kusan wata 7 a tsawon rayuwar waɗanda maƙogwaronsu bai yi rauni sosai ba, barci da jin daɗin rayuwa kuma suka gyaru. Tana da tsada, kuma a ƙasarmu sai an haɗa ta da batir ko sola, saboda haka a fara tara kuɗinta da wuri. Kada a sayo tukunyar iskar oksijin a sa masa a gida ba da umarnin likita ba. Matsalarsa ba ƙarancin iska mai kyau kaɗai ba ce, kasa fitar da gurɓatacciya ce, kuma oksijin shi kaɗai na iya sa ta taru ya yi barcin da ba farkawa.

Taimakon tari kuma kowa a gidan ya koya daga likitan gashi, hannu da hannu. Yana zaune a jingine, ki ɗora tafin hannunki a cikinsa, sama da cibiya ƙasa da ƙashin ƙirji. Ya ja numfashi iya iyawarsa, ya riƙe, daidai lokacin da zai yi tarin ki danna ciki da sama sau ɗaya da ƙarfi matsakaici. Sau 3 zuwa 5, a huta. Ba a yi sai an samu aƙalla awa ɗaya bayan cin abinci, kuma ba a yi ga mai juna biyu, ko mai karayar haƙarƙari, ko wanda aka yi wa aiki a ciki kwanan nan. Akwai kuma dabarar tara numfashi, a ja iska kan iska sau biyu ko uku ba a fitar ba, wani lokaci da jakar iska ta asibiti. Wannan sai an nuna muku. A nisanta shi da hayaƙin itace, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da hayaƙin janareta. Gidan sauro ya wadatar. Da hunturu a rufe taga saboda ƙura, mai mura kuma ya yi dubiyarsa daga bakin ƙofa.

Mataki na tara: ci da magana

Zama yana gaba da abinci. A miƙe sosai, haɓa ta ɗan sunkuya wajen ƙirji lokacin haɗiya, loma ƙarama, ba hira, kuma ya zauna rabin awa bayan an gama. Ruwa tsinkakke ya fi ƙwarewa, shi ya sa kunu mai kauri, da fura da aka dama ta yi laushi, da tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa suka fi sauƙi. Dambu, da gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da garin kwaki a ajiye su. A ƙara mai, da ƙwai, da madara don nauyi ya tsaya. Idan cin abinci ya fara ɗaukar fiye da rabin awa, ko nauyi na ta sauka, a yi maganar bututun ciki, wanda ake ciyarwa ta cikinsa, da likita tun huhu na da ƙarfi, domin sa shi ya fi aminci kafin numfashi ya yi ƙasa. Dalalar miyau ma tana da magani, a faɗa wa likita.

Tun magana na fita a shirya yadda za a yi in ta tafi. A rubuta haruffa a kwali, boko ko ajami, duk wanda ya fi sabawa da shi, da kalmomin da ya fi buƙata: ruwa, juya ni, zafi, banɗaki, kira Hajiya. A yarda da alama guda ta “e” da guda ta “a'a” da ido. A sa ƙararrawa inda gaɓar da ta fi motsi za ta kai. Idan kuka ga yana kuka ko dariya ba dalili, ba iska ba ce kuma ba taɓin hankali ba ne, ciwon ne ya taɓa jijiyoyin da ke riƙe su, kuma akwai magani. A wannan lokacin ne kuma ya kamata a tambaye shi ra'ayinsa kan bututun ciki da na'urar numfashi, a rubuta da bakinsa, kada a bari sai daren da kowa ya ruɗe.

Lokacin da ba a jiran safiya

A tafi asibiti nan take idan numfashi ya yi wuya yana zaune, ko leɓe ya canza launi, ko ya yi barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko zazzaɓi ya zo da kaki mai launi, ko ya ƙware tarin ya ƙi lafawa, ko ya faɗi ya bugu a kai. A mota a zaunar da shi a jingine da abin wuyansa, kada a shimfiɗe shi a kujerar baya. Ku tafi da littafin jinya, da na'urar numfashinsa in yana da ita, da kwalin haruffa. A shafin farko na littafin a rubuta da manyan baƙaƙe sunan ciwon, da magungunan da yake sha, da cewa ba ya iya kwanciya rigingine, da cewa a yi hattara wajen ba shi oksijin, da yadda yake cewa “e” da “a'a”. Ma'aikacin da zai karɓe ku da tsakar dare mai yiwuwa bai taɓa jinyar mai irin wannan ciwon ba, don haka wanda ya fi sanin mara lafiyar a cikinku ya tsaya a gefen gadon, kada ya bari a tura shi waje sayen kati.